Darasin Turanci Don Jama'a: Gaɓoɓin Kalmar “Charge” Da Ma'anoninta

Garin Mubi, wanda ke arewacin Jihar Adamawa dab da iyakar Nijeriya da Kamaru, gari ne na fatauci da harsuna masu yawa. A cikin kasuwa ɗaya mutum zai ji Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi da Fillanci, Hausa kuwa ita ke sada mai saye da mai sayarwa, in kuma ka bi hanyar Sahuda ka tsallaka iyaka sai ka tarar da Faransanci. Amma duk da wannan yalwar harsuna, da zarar magana ta hau takarda, to, da Turanci take zuwa: takardar banki, sammacin kotu, takardar sallama daga asibiti, da yarjejeniyar rance. Sai ka ga ɗan kasuwar da ke iya ciniki da harshe huɗu, takarda mai layi uku ta ɗaure masa kai. Sau da yawa kuwa ba manyan kalmomi ke kayar da mutum ba, domin in ya gamu da su yakan nemi a fassara masa. Ƙananan da yake tsammanin ya riga ya sani su ne ke jefa shi cikin asara.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce “charge”, wadda muka ara tun tuni muka mai da ita caji. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san cajin waya, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Mubi a shekarar 1979 ya san ta a darasin lantarki, wanda kuma ƙaddara ta taɓa kaiwa caji ofis ba ya bukatar a tuna masa. Wannan darasi zai duba abu biyu game da ita, watau yadda ake raba ta gaɓa-gaɓa, ita da 'ya'yanta, da kuma yadda mai karatu zai gane wace ma'ana ake nufi a duk inda ya same ta.

Yadda Ake Ƙirga Gaɓa

Gaɓa ita ce yankin kalma da ke fita da bugun murya ɗaya, kuma kowace gaɓa tana da sautin wasali guda a tsakiyarta. A Hausa al'amarin a tsare yake, domin gaɓoɓinmu iri uku ne kurum. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar gaɓar farko ta gida. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar gaɓar farko ta rana ko ta ƙauye. Akwai kuma baƙi da wasali da baƙi, kamar gaɓar farko ta ganga. Saboda haka Mu-bi gaɓa biyu ce, ka-su-wa uku, ma-ka-ran-ta huɗu. In baƙi ya zo biyu a tsakiya sai a raba tsakaninsu, a ce bab-ba, san-nu.

Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a cunkushe, kuma ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa duk kalmar da muka aro sai mun yi mata kwaskwarima. “Bread” ta zama burodi, “driver” ta zama direba, “bench” ta zama benci, “change” ta zama canji, “judge” ta zama joji. Babu laifi a cikin wannan, hali ne na kowane harshe mai rai. Laifin yana zuwa ne in mutum ya ɗauki ƙirgen Hausa ya koma da shi cikin Turanci. Ca-ji gaɓa biyu ce a bakin Bahaushe, amma “charge” gaɓa ɗaya ce tak a bakin masu ita.

Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, a Turanci sauti ake ƙirgawa, ba haruffa ba. “Charge” tana da haruffa shida, biyu daga ciki wasula ne, amma harafin e na ƙarshe ba a furta shi. Aikinsa kawai ya sa a karanta g da sautin j. Harafin r ma mutanen Ingila ba su furta shi a nan, jan wasalin a kurum yake yi, ko da yake mutanen Amurka suna furta shi. Daga bakin mutanen Ingila muka ji kalmar, shi ya sa babu r a caji, kamar yadda babu shi a kati da yadi da gadi. Haruffan ch kuwa sauti ɗaya ne, watau c ɗinmu. A tsohon rubutun boko ma haka ake rubuta shi, ga shi nan har yau a sunayen Bauchi da Michika.

Ga wata dabara mai sauƙi da malamai kan koya wa yara. Ka sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓarka, ka faɗi kalmar sannu a hankali. Duk sau nawa haɓar ta sauko ta taɓa hannun, to, gaɓa nawa ke nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗafa-ƙeya. In aka ƙara -ing ko -er ko -es, gaɓa tana ƙaruwa: charg-ing, charg-er, charg-es, kowace biyu-biyu. Amma in aka ƙara -ed don nuna abin da ya wuce, “charged” tana nan a gaɓa ɗaya, sai dai a ji ɗan sautin d a ƙarshe. Ba a jin -ed a matsayin gaɓa mai zaman kanta sai in aikatau ya ƙare da sautin t ko d, kamar load-ed, want-ed, ac-quit-ted. Kada mai karatu ya raina wannan ɗan d, domin shi ke raba abin da mutum ya saba yi da abin da ya riga ya yi, kuma mai ba da shaida da ya haɗiye shi yana iya canja maganarsa bai sani ba. A charge-a-ble, mai gaɓa uku, an bar e a wurinsa ne don kada a karanta g kamar na ganga.

Ta gaba kuma akwai ɗafa-goshi: re-charge, dis-charge, sur-charge, o-ver-charge, un-der-charge. Wanda ya iya raba waɗannan ya samu rabin ma'ana tun kafin ya buɗe ƙamus, domin re- tana nufin sake yi, dis- tana warware abin da aka yi, sur- ƙari ne a bisa na farko, over- wuce kima, under- kuwa gazawa. Masu buga takardu a ofis da masu rubuta alluna su lura: in layi ya ƙare, ba a yanka kalma mai gaɓa ɗaya, sai a kai ta layi na gaba ɗungurungum. In kuma za a yanka mai gaɓa biyu, a sa karan ɗori a mahaɗa, a rubuta dis-charge, kada a raba c da h, kamar dai yadda ba mu raba s da h a shanu ko t da s a tsuntsu.

Akwai kuma batun nauyin murya. Mu da karin sauti muke bambanta kalmomi, shi ya sa kuka ta miya da kuka na hawaye suke ɗaya a rubuce, dabam a baki. Turanci kuwa dannawa yake yi a kan gaɓa ɗaya fiye da 'yar'uwarta. In “discharge” aikatau ce, akan danna ta biyu, a ce dis-CHARGE. In suna ce, akan danna ta farko, a ce DIS-charge.

Asalin Kalmar

Wanda ya buɗe babban ƙamus ya ga jerin ma'anonin “charge” yana iya karaya, ya ce wannan ba ta haddatuwa. To, ba hadda ake bukata ba, sanin tushe ake bukata. Turanci ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga “carricare” ta harshen Latin, ma'anarta ɗora kaya a kan amalanke, daga “carrus”, watau amalanken kansa. Daga wannan tushe ne “car” da “carry” da “cargo” suka fito. Har yau a Faransanci “charger”, wadda ake furtawa sharje, loda kaya take nufi, kuma direbobinmu da ke zuwa Gidar da Garwa a Kamaru suna jin ta a kowace tasha.

Saboda haka mabuɗin kalmar shi ne ɗora. Bahaushe kuwa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tun da shi ma yana ɗora kaya a kan jaki, ya ɗora haraji a kan gari, ya ɗora laifi a kan wani, ya ɗora nauyi a wuyan wakili. Wanda ya taso da aikatau irin ci, da ake ci tuwo da ita, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, a ci mutum tara, ba shi da bakin cewa Turanci ya cika rikici. Yadda abin da ke bin ci yake gaya maka wane ci ake nufi, haka ƙananan kalmomin da ke kewaye da “charge” suke yi. Tambaya biyu mutum zai yi wa kansa kullum: me aka ɗora, kuma a kan wa?

Ɗora Kuɗi

In kalmar “for” ta biyo baya, ko aka ambaci adadi, to, kuɗi ake nema. “The driver charged five thousand naira for the load” tana nufin direba ya nemi Naira dubu biyar kuɗin kaya. “Free of charge” ko “no charge” kyauta ke nan, ba a biyan ko kwabo, kuma duk wanda ya ga an rubuta haka a bangon ofis ko na asibiti yana da ikon ya nuna rubutun in aka nemi wani abu a hannunsa. “Bank charges” su ne kuɗaɗen da banki ke cira saboda hidimarsa. Ba a bar bankuna su yanka yadda suka ga dama ba, domin Babban Bankin Nijeriya yana fitar da jagora a kan haka, an kuma yi masa babban gyara wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu na shekarar 2020. Wanda ya ga an cire masa abin da bai gane ba, “overcharge” ita ce kalmar da zai sa a takardar kokensa. “Surcharge” kuwa ƙari ne da akan ɗora bisa kuɗin asali, wani lokaci a matsayin horo, kamar ma'aikacin da aka sa ya biya abin da ya salwanta a hannunsa.

Akwai wata ma'ana ta wannan fanni da ta fi sauran haɗari ga 'yan kasuwa. In takardar rance ta ce akwai “charge” a kan gida ko fili ko shago, ba kuɗin hidima take nufi ba. Bashin ne aka ɗora a kan dukiyar, watau ta zama jingina, in an kasa biya mai ba da rance yana da hanyar da zai bi ta shari'a ya fanshe kuɗinsa daga gare ta. Dillalin shanu da ya je neman jari don ya ƙara tirela ɗaya daga karar Mubi zuwa Kudu, in ya ga “charge” tare da “on” ko “over” da sunan gidansa, ya ajiye alƙalami tukuna, ya nemi wanda zai karanta masa shafin nan daga sama har ƙasa.

Ɗora Laifi

A bakin 'yan sanda da kotu, “charge” tuhuma ce. “He was charged with theft” tana nufin an tuhume shi da sata, “charge sheet” kuma takardar da aka jera tuhumar a kai. A nan jama'a kan yi kuskure mai ɓata suna. Mutum ya ji a rediyo an ce an yi “charging” ɗin wane, sai ya bazama unguwa yana cewa an kama shi da laifi. Tuhuma dabam, hukunci dabam. Kalmar samun mutum da laifi ita ce “convict”. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa duk wanda aka tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Wannan sashe kuma ya ba shi haƙƙin a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'ar da shi. Saboda haka Bamargi ko Bafillace ko Bahaushen da aka karanta masa tuhuma da Turanci bai gane ba, kada kunya ta sa ya gyaɗa kai. Ya ce bai ji ba. Marar hali kuwa yana iya neman hukumar nan ta Gwamnatin Tarayya da ke ba da lauya kyauta, wadda aka kafa tun shekarar 1976.

Sai a yi hattara da wani tarko da Hausarmu ta ɗana mana. Mukan ce an caje mota a shinge, ko an caje aljihun wane, muna nufin bincike. “Charge” ba ta da wannan ma'ana ko kaɗan. Kalmar bincike ita ce “search”. Fasinjan da aka bincika jakarsa a kan hanya, in ya rubuta “they charged me”, to, ya ce ne an karɓi kuɗi a hannunsa ko an tuhume shi, alhali ba ko ɗaya da ya faru, ga shi kuma ya ɗora wa ma'aikata abin da ba su yi ba.

Ɗora Nauyi

“Officer in charge” shi ne jami'in da aka damƙa wa wuri, shi ya sa a ƙauyuka akan kira shugaban ƙaramin asibiti incaj. “Take charge” kama ragama ne. Amma dubi abin da ɗan “the” ke yi: “in charge of” mai riƙo ne, “in the charge of” kuwa wanda ake riƙo. Tarihin Mubi kansa ya ishe mu misali. Kafin Yaƙin Duniya na Farko yankin yana hannun Jamusawa. Bayan yaƙin aka damƙa shi ga Ingila a 1922, a 1946 kuma ya zama ƙasar riƙon amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A wannan zamani Ingila ce “in charge of” yankin, yankin kuwa yana “in the charge of” Ingila, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961, inda kimanin kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a a Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya. Ran 1 ga Yuni na shekarar aka haɗe, aka yi Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Wanda ya sauya wurin “the” a jarrabawa ya mai da mai riƙo abin riƙo.

Mafi wuya duka ita ce “charged with”, domin tana aiki a ɓangare biyu. “Charged with stealing revenue” tuhuma ce da satar kuɗin shiga. “Charged with keeping the revenue books” kuwa ɗora wa mutum alhakin kula da littattafan kuɗin shiga ne. Ɗaya tana kai mutum gaban alƙali, ɗaya ƙarin girma ce. Abin da ya biyo bayan “with” shi ke rabawa, laifi ne ko aiki ne. In kuwa jimlar ta zo kamar “he was charged with collecting money from traders”, wadda ke iya ɗaukar duka biyun, to, ba a yanke hukunci sai an karanta abin da ke gabanta da bayanta. A ganinmu ma marubucin da ya bar jimla haka ya yi wa mai karatu rowa, kuma sakatarorin ƙungiyoyin kasuwa da ke rubuta bayanin taro su guje ta.

Sauran ma'anonin ba su da wahala. Cajin batir ɗura masa wuta ne, katin waya kuwa, wanda ya shigo rayuwarmu bayan zuwan wayar salula a 2001, “recharge” ne domin sake ɗurawa ake yi. Maharban da suna “charging” bindiga in sun ɗura mata albarushi. In kuma aka ce “the bull charged”, babu kuɗi babu tuhuma, bijimi ne ya taso wa mutum gadan-gadan, kamar yadda mahaya ke sako dawaki a guje ranar hawan salla. Saboda haka ne ma ake kiran ingarman yaƙi “charger”, sunan da yake tarayya da cajar waya a kai.

Saukewa

Tun da “charge” ɗorawa ce, “discharge” saukewa ce, kuma Hausa ta sake yin daidai da ita: mota ta sauke kaya, ma'aikaci ya sauke nauyin da ke kansa, mai bashi ya sauke bashi. Asibiti in ya sallami majiyyaci “discharge” ne, haka soja in ya bar aiki, haka takardar da ake ba matasa bayan sun gama yi wa ƙasa hidima a shirin da aka fara a 1973. Ruwan da ke fita daga miki ma sunansa ke nan a bakin likita. In aka miƙo wa mai jinya takarda mai ɗauke da “against medical advice”, ya san cewa yana sa hannu ne a kan shi ya ɗauke majiyyacinsa ba da yardar likita ba.

A kotu kuwa sai an kasa kunne sosai. In alƙali ya ce “discharged and acquitted”, an sallami mutum an kuma wanke shi, kuma Tsarin Mulki ya hana a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi, sai fa in babbar kotu ce ta ba da umarni. In kuwa “discharged” kaɗai aka ce, sau da yawa an sallame shi ne ba tare da an shiga zurfin maganar ba, alal misali don masu ƙara ba su kawo shaidu ba, kuma ana iya sake ɗauko maganar wata rana. Kafin dangi su yi walima, a nemi kwafen hukuncin a wurin magatakardan kotu, a kai wa lauya ya duba wace ce daga ciki aka rubuta.

Aikin Gwaji

Ka raba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa, ka rubuta adadin kowace: charged, charges, discharged, recharging, overcharged, acquitted. Sa'an nan ka fassara waɗannan jimloli zuwa Hausa, kana faɗin me aka ɗora, kuma a kan wa.

1. The clinic does not charge for this vaccine.
2. The secretary is charged with calling the meeting.
3. Two men were charged with smuggling.
4. The cattle are in the charge of a herdsman.
5. The bank has a charge over the shop.

Amsar kashi na farko, bi da bi: 1, 2, 2, 3, 3, 3. Kashi na biyu kuwa a kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci mafi kusa, ko wani ɗalibin sakandare a gida, a duba tare.